Dami Bakwai a Bakin Rufewa

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiharmu, ita ce shekarar da ƙanena ya shiga kwaleji a Ƙauran Namoda. Ban manta ba, don ranar da na kai masa tabarma da garin tuwo tasha cike take da masu murna, na sha wuya kafin in samu mota.

Dogo ne ƙwarai. A garinmu Gurbin Bore raƙumi ake ce masa, Baba kuma yakan ce tsawon banza ne tunda bai iya riƙon hauya ba. A kwalejin wani malami ya gan shi ya sa shi ƙwallon kwando. Sau ɗaya na taɓa kallon wasansa, ranar da na kai wake kasuwar Ƙaura ya ja ni fili. Ban gane dokar wasan ba. Abin da na gani, duk inda ya tsaya ya saki ƙwallo sai ta faɗa cikin ragar nan, ɗalibai su tashi da ihu. Shekara biyu a jere suna cin kofi, shi ne kyaftin. Na koma gida raina ba daɗi. Ni na noma abin da ya ci ya yi tsawon, amma ba wanda ya taɓa tafa mini.

Da ya gama, wata ƙungiya a kudu ta ɗauke shi, wasan ya zama sana'arsa. Shekara huɗu yana can. Yakan zo da salla, ya kawo wa Inna atamfa, ni kuma shadda. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a, dattawan ƙofar gidanmu suka samu abin faɗa: ƙato da gemu yana tsalle da gajeren wando a gaban mata. Ni na kai musu hotonsa suka gani.

A kaka ta huɗu ya dawo da sanda, gwiwa ɗaure. An yi masa aiki a asibiti. Likita ya ce wata uku kada ya ɗauki kaya, kada ya yi tsalle, ƙungiya kuma ta ce wurinsa yana nan in ya warke. Ya gaya mini wannan baki da baki, na kuma ji.

Gero ya yi kyau a shekarar. Ranar zuba shi a rufewa, rumbunmu na ƙasa mai baki a sama, maƙwabta suka zo taya mu. Ana miƙa dami daga hannu zuwa hannu har kan tsani. Ƙanena yana zaune gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafa.

Na ce, "Kai ɗan kwando, ga kwandon talakawa nan. Ko sai an tara maka 'yan mata su yi tafi?"

Ya ce, "Yaya, likita ya hana."

"Likita ne ya noma tuwon da kake ci?"

Baba ya ce, "Ƙyale shi. Raƙumin birni ne, ba ya kaya."

Aka kwashe da dariya. Ƙanena ya dube ni, sannan ya ajiye sandar ya tashi. Ya ɗauki ƙaramin dami ya jefa, ya faɗa bakin rufewa bai taɓa gefe ba. Mutane suka yi sowa. Ya jefa na biyu, na uku. Wani maƙwabci ya ce, "Ai nan kusa ko tsohuwa ta iya." Ni na ja masa layi da ƙafata can baya, ni kuma na zaɓo masa manyan dammuna. A na bakwai sai da ya yi tsalle. Damin ya shiga. Da ya sauko muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, ya zube. Wasu ba su daina dariya ba sai da suka ga fuskarsa.

Ya roƙe ni in mayar da shi wurin likitansa. Na ce aikin gona bai ƙare ba, na ɗora shi a amalanken shanu zuwa wurin wani maɗori a Birnin Tsaba. Maza huɗu suka danne shi aka ja ƙafar, aka ɗaure da kara. Ina cikin huɗun. Tun daga ranar gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Bayan wata biyar takardar ƙungiya ta zo. Lokacin ban iya karatu ba. Shi ya karanta abinsa a zuci, ya ninke, ya ce, "Sun ɗauki wani."

Yanzu yana awon hatsi a kasuwar Shinkafi, a zaune. In na je yakan gaishe ni, ya tambayi gida, ba ya ƙara komai.

Abin da ya tafi: gwiwa ɗaya, wurinsa a ƙungiya, shekarun wasa biyar ko shida da ya ce sun rage masa, da zuwansa gida salla.