Dariyar da Na Goge da Hannuna

Furfura ta ci rabin gemuna, amma tafiyar da muka yi da matata zuwa tsibirin Zanzibar ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ni ma'aikacin rediyo ne a Landan, kuma mu 'yan rediyo muna da wata cuta: kunnenmu ba ya zuwa hutu. Matata ce ta matsa a yi tafiyar. "Baban yara, na riga na yi booking," ta ce da ni wata safiya a gidanmu na Woolwich. "Na gaji da kallon tantabarun tasha."

Da muka isa tsibirin, wata rana da sassafe muka shiga wani daji. Ƙasa a jiƙe, itatuwa sun rufe sama, jajayen birai na ta tsalle a kanmu. Gogan naka kuwa na toshe kunnuwa da na'urar ɗaukar sauti, wai zan haɗa shiri kan kukan tsuntsaye. Wani biri ya sauko reshe, ya tallafe haɓa yana hararar mu. Ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi kai ne sak, in an yi cancel ɗin jirgin ƙasan safe!"

Na ɗaga mata hannu. "Don Allah ki yi shiru, kina ɓata min recording."

Har muka fito ba ta ƙara cewa uffan ba, ni kuwa sai murna nake. Da muka dawo na zauna a ofis na yi abin da hannuna ya saba, duk inda muryarta ta shiga na yanke na goge.

Wata biyar bayan nan ciwon da take ɓoye mana ya kwantar da ita, Allah Ya karɓi abarsa. Bayan an tashi daga zaman makoki 'yarmu ta zo ta zauna kusa da ni.

"Baba, kunna min na dajin nan. Mama ta ce ta sha dariya ranar."

Na kunna. Tsuntsaye zalla. Ta saurara har ƙarshe tana jira, sannan ta tashi ta fita. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Saƙonnin muryar marigayiyar suna nan a wayata, amma duk na "ka taho da burodi" ne.

Tun daga nan na gane aiki ba ya ƙarewa, mutum ne yake ƙarewa. In naka yana dariya, ajiye abin da ke hannunka ka saurara.