Ƙofar da kyanwoyi ke taruwa

Ana sallame sallar asuba muka ɗaga daga unguwar Karantina ta Jidda, ni da mahaifiyata da maƙwabcinmu mai mota. Ɗa'ifa muka nufa. Saura kwana biyar Umma ta koma Kano gaba ɗaya, ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta nemi gafarar yayarta, wadda suka rabu baram-baram shekara ashirin da suka wuce. Kwatancen da muke da shi ɗaya ne, a wani kaset da yayar ta aiko tun farkon rabuwar: tsohuwar unguwa, bayan kasuwa, ƙofar da kyanwoyi ke taruwa. Sai bana Umma ta yarda aka kunna shi.

Hanyar Hada, wadda ke hawa dutse zuwa Ɗa'ifa, ba ta mai raunin ciki ba ce. Kwana kan kwana, dutse a hagu, rami a dama, birai sun jeru a bakin titi suna jiran wanda zai yi sakaci da burodinsa. Direba yana ta duba aljihu ko iƙama, takardarsa ta izinin zama, na nan, Umma tana jan carbi, ta rungume jakar tsarabarta. Muna isa sanyi ya mare mu. Ni da na taho da riga ɗaya irin ta Jidda na yi ta karkarwa har muka karya da gurasar tamis da waken ful da shayi mai zafi. Rumman ɗinsu kuwa araha, har na yi zaton mai sayarwar ya yi kuskure.

A tsohuwar unguwar, lungun farko muka ga kyanwoyi uku a bakin wata koriyar ƙofa. Muna tsayawa suka zama goma. Umma ta gyara mayafi, na ƙwanƙwasa, sai ga wani tela Bayamane da almakashi a hannu. Ƙofa ta biyu gidan wani malamin makaranta ce, ta uku ma ɗakin ajiyar gawayi. Abin da ya ɗaure mini kai, duk inda muka tsaya sai kyanwoyi su cika wurin, mu ce to wannan karon mun dace. Har azahar muna zagaye lunguna masu kama da juna, mun wuce wani masallaci sau huɗu, ko biyar, ban ma sani ba. Raina ya ɓaci, na fara zargin kaset ɗin da mai kaset ɗin.

Umma ta zauna a wani dakali ta ce, "Halas, mu koma. Allah bai yi ba." Idonta ya cika.

Direba ne ya shinshina ya ce, "Hajiya, mene ne a jakar nan?"

Bandar kifi ce, ta yi wa yayarta tsaraba. Ashe tun safe mu ne gidan kyanwoyin, muna yawo da shi a hammata. Direba ya kai jakar mota ya kulle, muka zauna muka zuba ido. Da kyanwoyin suka ga ba riba sai suka watse. Wajen la'asar muka ga suna bin wani lungu ɗaya bayan ɗaya, muka bi su. Kafin mu ga ƙofar, ƙanshin daddawa ya tare mu. Wata tsohuwa na duƙe tana juye musu sauran tuwo a faranti.

Umma ta ce, "Yaya."

Tsohuwar ta ɗago ta daɗe tana kallonta. "Sai yau? Ni fa ba son dabbobin nan nake ba. Na riga na faɗa miki a kaset, in na daina ba su, da me za ki gane ƙofar?"

Gafarar da muka zo nema ba a ma samu bakin furta ta ba, kuka ya riga ta.

Washegari da hantsi muka gangaro Jidda, zafi ya karɓe mu tun daga gindin dutse. Tafiyar ta koya mini in riƙa duba abin da na ɗauko kafin in zargi mai kwatance. Kifin kuwa, yayar Umma ta zuba wa kyanwoyin gaba ɗaya, ta ce sallamarsu ke nan, sun gama aiki.