Jan Fentin da Na Shafa wa Ruɓaɓɓiyar Igiya

Ni mutumin Udubo ne, ɗan makiyaya. Karatuna bai wuce elemantare ba. Na tashi ina jan ruwa a rijiya ina shayar da shanun mahaifina, don haka hannuna ya san igiya tun ina ƙarami. Mutane sun shaide ni da gaskiya a lokacin, abin da ya sa ma aka ɗauke ni aiki a ma'aikatar ayyuka ta En'e, wato hukumar gargajiya, a Azare ke nan.

A shekarun nan da gyaɗa ta yi daraja aka fara gina benaye da manyan sito a gari. Magina suka zo da wani abu da muke kira kura: faffaɗan katako ne da ake ɗaure wa igiya, a ratsa ta kan ƙarfe mai juyawa a can sama, leburori su ja, ya ɗaga siminti da duwatsu har da mutane. Sai En'e ta kafa doka cewa ba a aiki da kura sai an duba ta, ni kuwa aka ba duban. Zan bi igiyar da hannu kamu bayan kamu. In ta yi mini, sai in hau katakon da kaina a ja ni har sama, in sauko, sannan in shafa wa bakin igiyar jan fenti. Wadda ta gaza kuwa a daddatsa ta a gabana.

Cikin magina akwai Malam Kyari, Babarbare, ya girme ni nesa. Kun san wasan da ke tsakaninsu da mu Fulani. Da ya hango ni sai ya ce, "Ku matsa, ga bawana ya zo ya ɗanɗana mini hanya." Ni kuma in ce, "Malam, ai nauyin tsagen fuskarka kaɗai ya isa ya tsinka igiya." Kowa ya yi dariya.

Ɓarnata da ƙaramin abu ta fara. Wata rana na ga igiyar da za a datsa, na ce ai asara ce, na kai wa ƙanena ya ɗaure shanu. Ba wanda ya tambaya. Ta gaba sai na sayar wa masunta a Katagum. Daga nan na fara kayar da igiyoyi masu kyau da gangan don in samu na sayarwa. Mutum ɗaya ya san wannan, Alhaji Sale ɗan kwangila, domin a motarsa ake kai mini su. A gidansa nake cin abincin rana, "ƙanena" yake kirana, ni kuma na ɗauke shi tamkar wa.

Da aka ba shi ginin wani babban sito, En'e ta haɗa masa da sabuwar igiya. Ya ja ni gefe ya ce masu fito a kogi suna sonta. Ya nuna mini wata tsohuwa da ya sa aka murje da man gyaɗa, tana ƙyalli kamar jiya aka tufka ta. Na murɗa ta, na ji cikinta ya zama gari. Na ce, "Alhaji, wannan ba ta ɗaukar mutum." Ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, wa ya ce maka mutum zai hau? Baturen ayyuka kawai zai gani gobe ya wuce. Wallahi da kaina zan kulle kurar, kowa ya bi tsani." Na shafa fentin. Ban hau ba.

Bai kulle ba. Washegarin zuwan Bature, da hantsi, Malam Kyari ya hau da duwatsu. Sun kusa kaiwa sama igiyar ta ɓalle.

A gaban alƙali, Alhaji ya sha babbar riga, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban san igiya ba. Ga mai duba, ga jan fentinsa. Sabuwar ma shi na damƙa wa." Sannan ya zayyana duk igiyoyin da na kai Katagum, bai bar ko ɗaya ba, har ya kawo direbansa ya yi shaida. Na buɗe baki, amma wa zai saurari ɓarawon igiya? Aka ɗaure ni.

Shekarun da na yi a gidan yari, da sunan Alhaji nake kwana nake tashi. Ko goro bai aiko ba. Matata ta koma gidansu, mahaifina ya rasu ban yi masa sallah ba. Shi kuwa ina jin labari yana ta samun kwangila, har siton nan shi ya ƙarasa.

Da aka sake ni na nufi gidan Malam Kyari. Na same shi a zaure kan tabarma yana ɗinkin hula, ƙafafunsa sun shanye, an rufe su da zane. Ya ce, "Bawana, sun sako ka? Ka rame, babu nono a can?" Na durƙusa ina kuka ina cewa Alhaji ne ya ci amanata, ya yi mini rantsuwa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Alhaji ai ban taɓa yarda da shi ba, bai iya cin amanata. Ran nan na taɓa igiyar, raina bai so ta ba, har na ɗaga ƙafa zan bi tsani. Sai na ga jan fenti. Na ce wa yara, bawana ya riga ni hawa, ku ja."

Ya yafe mini ranar, amma maganar nan ba ta sake ni ba har yau da na tsufa. Na tuba ga Allah, na koma kiwo, ban sake taɓa abin wani ba.

Samari, da yawanku yanzu kuna aikin duba abubuwa, har benayen birni masu ɗakin da ke hawa da mutane. Wanda zai shiga bai san ku ba, alamarku kawai zai gani ya miƙa ransa. Duk wanda ya ce muku ku sa hannu yau gobe za a gyara, ko uwarku ɗaya, ku ƙi. Abin da ba za ku hau da kanku ba, kada ku shafa masa fenti.