Muryar Kabiru Faifai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kabiru Faifai ya rasu.

Ina tsaye a jirgin ƙasa na metro da safen nan zan tafi aji, Isufu ya kira ni, maƙwabcinsa ɗan Maraɗi da ke kai masa abinci. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Mutuminka ya cika da asuba." Ban san lokacin da na wuce tashar da zan sauka ba.

Ku 'yan Majalisar Faifai, muryarsa kawai kuka sani a shafin nan. To yau yayansa ya ce in goge muryar gaba ɗaya. Zan zo kan wannan. Ku bar ni in fara gaya muku ko wane ne.

Ina sabon zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin muka haɗu, a wani gidan abinci a unguwar Xiaobei. Ina cin shinkafa da iyafis a kunne, ban san kowa ba. Kawai wani dogon mutum ya zare mini guda ɗaya ya saka a nasa kunnen. Ya ɗan saurara, ya yamutsa fuska.

"Ƙanena, wa ya yi maka wannan mugunta?"

Wallahi haka ya ce. Daga nan ya ja kujera, ya sa aka ƙaro mini nama.

Sifikun kiɗa ya zo saye zai kai Kano, amma in ya fara zancen kiɗa sai ka rantse wannan ce sana'ar. Tsofaffin ƙungiyoyin turawa yake so, na zamanin faifan garmaho, waɗanda mutum huɗu ko biyar za su tsaya da jita da ganga su yi waƙa a tashi ɗaya. Yakan ce in mai ganga ya yi kuskure kana ji, kuma haka suke barinsa. "Waƙar da babu kuskure a cikinta, ba ɗan Adam ne ya yi ta ba."

Ra'ayi kam, buhu-buhu. Ƙungiyar da ta watse ta sake haɗuwa bayan tsufa, ya ce miyar jiya ce aka ɗumama. Mai jitar bes kuma shi ne mai haƙurin kowace ƙungiya, in kana neman surukin kirki ka nemi irinsa.

Ni kuma 'yan indi nake ji, yaran nan da ba su da babban kamfani a bayansu, suna naɗar waƙa a ɗakin kwanansu. Kai, na sha tsiya a kansu!

"Waɗannan ai ba su karya ba suke waƙa. A ba su koko da ƙosai tukuna, sai mu ji ko suna da murya."

Wannan musun ne ya haifi shafin nan. Ya kunna waƙa, ya yi magana a kanta, ya ce ku saurari nan, ku saurari can. Ni in mayar masa da martani, ku kuma ku raba mu faɗa.

Shi ya kai ni kasuwar kayan lantarki a Tianhe ya zaɓa mini hedfon, ya sa lawban, wato mai shagon, ya fito da kala-kala har mutumin ya gaji yana ta cewa meyo, meyo, wai babu saura. Da na kwanta zazzaɓi, shi ya tuƙa mini tuwo da miyar kuka ya hau metro da kula a hannu.

Ga abin da yawancinku ba ku sani ba. Lokacin annobar korona hanya ta rufe, bizarsa ta ƙare yana nan. Ya yi ta cewa in abubuwa sun lafa zai gyara. Abubuwa suka lafa, shi bai gyaru ba. Ya daina zuwa kasuwar Tianxiu saboda masu duba takardu, ya daina hawa metro, daga baya ko gidan abincin ya daina leƙawa. Ya koma wani ɗaki a lungu wanda in ka buɗe taga bangon wani gidan kake gani.

Gida yana son zuwa, amma yana tsoron abin da zai tarar in ya miƙa kansa. Matarsa Hauwa na da ciki ya taho. 'Yar da aka haifa, Ummi, yanzu har ta shiga makaranta, bai taɓa ɗaukar ta ba.

Tun da ya shiga ɗakin nan bai ƙara kashe kiɗa ba. Ko saƙon murya zai tura gida, akwai waƙa ƙasa-ƙasa a bayansa.

Wata rana na je na tarar yana jin ɗaya daga cikin 'yan indin nawa. Na ce, "A'a! Yaya Kabiru, yau kuma marasa koko ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru.

"Saurara. Yaron nan a ƙaramin ɗaki ya yi waƙar nan. Ina jin bangon. Yana rage murya don kada maƙwabta su ji shi."

Ya ce tsofaffin nasa suna waƙa ne kamar mutanen da ke da wurin zuwa, shi kuma yanzu ba ya iya jinsu da yawa. Ranar ban ce na yi nasara a musu ba. Ni dai na zauna muka ji ta har ƙarshe.

Ciwon ƙirji ne ya yi ajalinsa. Mun yi da shi ya je asibiti, ni da Isufu, har faɗa muka yi. Ya ce a can ma fasfo za su fara tambaya.

Da a gida ne, da tun kafin azahar an kai shi makwancinsa. A nan kuwa gawar ma takarda take jira. Dattawanmu na ta kai-kawo, ba mu san ranar jana'iza ba tukuna. Wannan abin yana cin raina ƙwarai.

Da hantsi Yaya Mansur ya kira ni daga Kano, babban yayansu. Muryarsa a dashe. Ya ce, "Nasiru, an ce kai ne kake riƙe da shafin nan nasa. Don Allah ka rufa masa asiri ka goge. Duk wanda ya kunna kiɗan nan, a kan Kabiru za a rubuta zunubin yana kwance. Na sa Hauwa ma ta goge na wayarta."

Na ce, "Yaya, muryarsa ce fa."

Ya ce, "Na sani. Ƙanena ne. Ka fi ni son jin ta?"

Me zan ce? Ni ba malami ba ne. Na san akwai masu cewa kaza, akwai masu cewa kaza, amma ba zan yi caca da kabarin mutumin da ya tuƙa mini tuwo ba. Na ce masa to, amma ya bar ni in nemi ko guda ɗaya da babu kiɗa a ciki, saboda Ummi. Ya ce wannan babu laifi.

Tun lokacin nake zaune a ƙasa a ɗakina ina bin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, na shafi da waɗanda ya turo mini ni kaɗai. Ina dariya ina kuka kamar wani taɓaɓɓe. Ko barka da Sallah ya yi mini, akwai jita a ƙarƙashi.

Guda ɗaya tak na samu, na makon jiya. Gajere ne. Cewa ya yi:

"Nasiru, sifikar ta mutu. Kai, ashe haka ɗakin nan yake da shiru. In ka taso ka biyo."

Na biya ɗin. Shi ne ganinmu na ƙarshe. Ya rame, yana tari, amma bakin nan na nan. Na kunna masa waƙa a wayata, ya ce sautin kamar ana soya gyaɗa a gwangwani, amma kada in kashe. Da zan tafi ya rako ni iya bakin ƙofa, nan ne iyakarsa. Ya ce in ya je gida zai zaunar da Ummi ya fara mata daga tsofaffin, don kada ta taso da kunne irin nawa.

Wannan saƙon na tura wa Hauwa. Sannan na cika alkawari. Wanda ya duba shafin yanzu zai ga babu komai, ni na goge, na wayata ma haka. Masu wani abu a ajiye, iyalinsa sun roƙa ku yi hakan ku ma.

Ina gamawa amsar Hauwa ta shigo. Ta yi godiya. Ta ce ta kunna wa Ummi har sau biyu, yarinyar ta saurara, ta miƙo mata wayar.

Wai, "Wannan ba Abbana ba ne. Abbana da kiɗa yake magana."

Ba ni da wani saƙon da zan tura mata.

Ya Allah ka gafarta wa Kabiru. Ka yalwata masa kabarinsa, ya sha ƙunci a duniya. Ka sauƙaƙa mana hanyar kai shi makwancinsa da wuri. Ka ba Hauwa da Yaya Mansur haƙuri, ka raya Ummi.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a danna alamar kuka. Ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a da sunansa, Kabiru, ku saka da yarinyar nan a ciki.