Kwana Ukun da Na Yi Shiru a Ofishin Ruwa

Ba na jin zan taɓa manta ranin da tumatirin Babanmu ya ƙone a gona alhali kanal cike yake da ruwa. Ina aji biyu a sakandare lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin.

Yayana yana aiki a wani ofishin rabon ruwa kusa da Kura, inda aka kawo kwamfuta guda ɗaya. Ita ke karɓar saƙon ma'aunin ruwa ta waya, ta buga takardar da ke nuna layin gonakin da za a buɗe wa. Sai ta fara sandarewa. Shugaban ofis kuwa ya ce babu takarda, babu ruwa.

Kullum in na taso daga makaranta nakan kai wa Yaya abinci, in same shi idanu jajur, manoma zube a gindin darbejiya. Wani dattijo daga Bunkure ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, akwatin nan naka azumi yake yi ne?" Yaya bai ko iya murmushi ba. Ya taɓa gaya mini cewa tana cikin aiki saƙo kan katse ta, ta amsa, ta koma inda ta tsaya, to wurin komawar ne take ɓata, ya rasa dalili.

Ni kuwa daga lungun da nake zama na lura ba ta sandarewa sai injin buga takarda na ƙara, sannan 'yar jar fitilar da ke nuna shigowar saƙon ma'auni ta ƙifta. Amma ɗakin cike da maza, wasu sa'annin Baba, kunya ta hana ni faɗa. Kwana uku ina ɗaukar kwanona in tafi.

Rana ta huɗu, a bakin ƙofa, na faɗa wa Yaya ƙasa-ƙasa. Ya dafe kai. "Saƙo biyu ne ke haɗe mata! Tun yaushe kika gani?" Na ce tun Litinin. Bai yi faɗa ba, "Haba, ƙanwata" kawai ya ce, ya koma kujera. Ya gyara ta yadda saƙo na biyu zai jira ta gama da na farko. Layi huɗu ya rubuta a kwamfutar.

Washegari aka saki ruwa, amma furen tumatirin namu ya riga ya zube. Baba ya zagaya gonar, ya dawo gida. Tun daga nan na gane kunya ma tana da inda ya kamata ta tsaya, kuma abin da ka gani ka riƙe a ciki, wani ne ke shan wahalarsa.