Hancin Kaka

Korona ta kama ni a Doha, ta sake ni, amma ta tafi da hancina. Zazzaɓi ya sauka, tari ya tsaya, ƙarfi ya dawo har na koma hawa bene ba haki. Ƙamshi da wari ne kawai suka ƙi dawowa. Harshena yana gane gishiri da sukari, barkono ma bai fasa yi mini zafinsa ba, amma in an rufe mini ido an ba ni miyar taushe da ta agushi, ba zan ce ga wannan ga waccan ba.

Ni kuwa a da mace ce mai hanci. A gidanmu na Kano tun daga soro nake sanin daddawa ta yi yawa a miya. Malam, maigidana, wanda aikin koyarwa a jami'a ya kawo mu ƙasar nan, bai taɓa cin shawarma a hanya ya iya ɓoye mini ba. Sai ga ni ina ƙona shinkafa ina tsaye a kanta. Wata Juma'a da hantsi na sa gawayi a kasko na zuba turaren wuta. Ban ji komai ba, na ƙara. Na sake ƙarawa cikin haushi, har ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka. Duk mutanen benenmu, Indiyawa da Misirawa da Filifinawa, suka sauko suka tsaya cikin rana da 'ya'yansu a kafaɗa, mai gadi ya hau ya same ni riƙe da kasko cikin hayaƙi. Sai ga Malam ya shigo. Ya ɗauki kaskon ya ɗora can saman kabad, inda hannuna ba ya kaiwa.

Duk wannan da na haƙura da shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne cikin 'yata.

Ita ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Da na haife ta a ɗakin mahaifiyata, gwaggonnina suka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, kowacce ta kai hanci kan 'yar ta shaƙa ta yi hamdala, ni kuwa na juya fuska bango kamar yadda ake so yarinya mai tarbiyya ta yi. Sai sun fita alwala nake jawo ta da sauri in saci shaƙa ɗaya, in mayar da ita kafin a shigo. Ban ga laifin kowa ba, haka muka taso. Amma tun a lokacin na ƙudurce a raina cewa ranar da ta haihu zan fanshe, don babu kunya tsakanin kaka da jika. Zan ɗauke shi a gaban kowa in shaƙi kansa har in gaji.

Ta girma a nan, ta auri wani injiniya ɗan Katsina, suna zaune a unguwar Al Rayyan. Ba ta faɗa mini tana da ciki ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga ta ture farantin kifi ta tashi da sauri, na gane. Murna ta kama ni, kafin in kai gida tsoro ya bi bayanta. Na yi shekaru ina jiran wannan ƙamshi, ga shi yana tafe, ni kuma ba hanci.

Likita ya ce in riƙa shanshana abubuwa safe da yamma, wai hanci ma ana koya masa aiki. Na jera lemo da kanumfari da man zafi a kan tebur, na yi ta yi kamar mai shan magani. Da na ga shiru, na tattara su na zuba a shara.

Ƙawata ce ta ƙi bari na. 'Yar Zongon Kumasi ce, tana aikin girki a wata makarantar yara, tana haya a unguwar Mansura da wasu mata. A masallaci muka haɗu wani azumi, ta taka mini gyale, muka yi cacar baki, muka zama aminai. Hausarsu ta Zongo ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta zo ta same ni a kwance da rana tsaka, ta ce akwai wata Ba'indiya kusa da tashar jirgin ƙasa na metro ta unguwarsu da ke koya wa mata haɗa kayan shayi, kowacce ta haɗa nata da hannunta ta tafi da shi a kwalba. Na ce me kurman hanci zai je yi a can.

"Hajiya, ka tashi," in ji ta. "Hancin nan ba shi dawowa kana kwance. Yalla, mu je."

Da na gaya wa Malam sai ya yi dariya. Ya ce wani Bature abokin aikinsa ya ba shi labari, a ƙasarsu ana shiga aji irin wannan a koyi haɗa giyar da suke kira jin, kowa ya zaɓi ganyayensa da saiwoyinsa ya fito da kwalbarsa. Ya ce in duba da kyau kada in dawo masa ina tangaɗi. Na ce shayi ne, kuma ko tangaɗin na yi ai shi ya ɓoye mini kasko.

Ajin a saman wani shagon kayan ƙamshi yake, ɗaki ɗaya mai dogon tebur. An jera kwalabe: citta, kanumfari, kirfa, na'ana'a, zoɓo, ɓawon lemo, furen wardi, da baƙin busasshen lemun tsamin nan da Larabawa ke so. Gaban kowacce akwai ɗan turmin dutse. Malamar dattijuwa ce siririya mai furfura, ba ta da gaggawa. Ɗalibai kuwa har da nas-nas 'yan Filifin da suka taso daga aiki, da wasu matan Katar biyu, da wata Basudaniya mai yawan magana. Ƙa'idar ita ce ki buɗe kwalba ki shaƙa, abin da ranki ya so ki ɗiba, ki daka, a dafa, a zagaya da shi a 'yan kofuna kowa ta kurɓa.

Na buɗe kwalabe ina kai wa hanci ina gyaɗa kai kamar ina jin wani abu. Na ɗibi abin da na ga mahaifiyata na ɗiba, daidai yadda hannunta ke yi. Aka dafa, aka zagaya. Basudaniyar ta lumshe ido, matan Katar suka ce ma sha Allah, aka yi ta yaba mini. Ni da na kurɓa, ruwan zafi da sukari na sha. Yabon nan ya ƙona mini rai fiye da zagi. Na ajiye kofin da ƙarfi na ce wa malamar ni fa ba na jin komai, don haka kada a dame ni da ma sha Allah.

Malamar ba ta ba ni haƙuri ba, kuma na gode mata da haka, don na gaji da haƙuri. Ta ce in daina shanshana kwalba, in riƙa daka abu ɗaya tak, fuskata a kan turmi, ina tuna inda na san shi. In ban ji ba, in dawo wani mako in sake. Ƙawata ta matso da kujerarta ta ce ni in daka, ita ta ara mini hanci.

Haka muka yi ta zuwa. Ni daka, ita shaƙa, ta ce citta ta yi yawa, in ce ƙarya take yi, mu yi ta musu har malamar ta raba mu. Na fara ɗokin ranar ajin, ko da yake ban yarda na faɗa ba.

Abin da ya fara dawowa ba alheri ba ne. Wata safiya Malam ya haɗa kofi, sai na ji warin ƙonanniyar taya ya cika falo. Albasa ta koma haka, sabulu ma haka, har man goge baki. Da yamma muka fita bakin teku, Corniche, da ƙawata, na zauna a kan dakali ina kallon jiragen katakon nan da ke ɗaure a bakin ruwa, na yi kuka sosai. Na ce gara shirun da, yanzu in aka miƙo mini jikana warin taya zan ji. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini gefen mayafinta, ta ce hancin da ya ji wari ai ya farka, saura ya wartsake. Na ce ita likita ce? Da na koma asibiti, likitan ma kusan abin da ya ce ke nan, na ƙi gaya mata don kada ta samu bakin magana.

Cikin 'yata ya tsufa lokacin da malamar ta ce kowacce ta zo da wani abu daga ƙasarsu. Ƙawata ta zo da kimba a ƙulle cikin leda, wadda aka aiko mata daga Kumasi. Na karɓa na zuba a turmi na sunkuya ina daka, ina tuna ɗakin mahaifiyata da ƙwaryar kunun kanwa da ake ɗura mini lokacin jego. Sai wani abu ya gifta can ƙasan warin tayar, ɗan kaɗan, kamar a kira sunanka daga gida na uku. Na tsaya cak. Na sake shaƙa, ya tafi. Ban gaya wa kowa ba sai a metro, inda na raɗa wa ƙawata, ita kuwa ta ɗaga hannu tana kabbara har mutane na waige.

A ajin na haɗa kayan kunun mai jego da yajinta: kimba da citta da kanumfari da masoro. Ni na auna, ƙawata ta shaƙa ta ce khalas, ya yi. Malamar ta zuba mini a manyan kwalabe ta ɗaure bakinsu da zare.

Namiji 'yata ta haifa. A asibiti, gaban mijinta da Malam da nas, na karɓe shi na ce ga angona ya iso, na kai hanci tsakiyar kansa na ja numfashi har ƙirjina ya cika. Ban ji warin taya ba, alhamdu lillahi. Amma ban ji komai ba. Na ji ɗumin kansa a leɓena da laushin gashinsa, shi ke nan. 'Yata tana kwance tana kallona. Ashe ta san abin da nake nema, ban san wa ya gaya mata ba.

"Umma, kin ji?"

Na girgiza kai. Na miƙa wa Malam yaron na fita baranda.

Na tare a gidansu don jego. Malam, da girmansa da gilashinsa, shi ke tsayar da mota a gefen titi ya karyo mana ganyen dalbejiya yana waige-waige. Ina tafasa ruwa a manyan tukwane in juye a bahon wanka, in yi mata wanka safe da yamma tana raki, in dama kunun kanwa da haɗin da na yi in tsare ta sai ta shanye. Yaron kuwa kullum yana hannuna. Na daina kai hanci kansa, don kowace shaƙa ɓacin rai ce.

Bayan suna da 'yan kwanaki mata suka zo barka, falo ya cika, ƙawata na cikinsu tana raba kunu. Ina zaune da yaron a cinya ana hira, sai na ji wani ɗan tsami-tsami, irin na nonon da ya kwana. Ban yi tunanin komai ba na ce angon nan nawa ya yi aika-aika, a miƙo kunzugu. Matar da ke kusa da ni ta ce ita ba ta ji komai ba. Ƙawata ta ajiye ludayi ta zo ta leƙa kunzugun, ta ɗago ta dube ni, bakinta a buɗe.

"Hajiya, kai ka fara ji. Duk ɗakin nan kai ka fara ji."

Sai a lokacin na gane. Wata ta miƙo hannu za ta karɓe shi ta gyara, na hana. Ni na wanke shi, a hankali, ina shaƙar warin nan ina dariya hawaye na zuba, mata na ta yi mini tsiya wai an ga kakar da kashi ya sa kuka. Da na shirya shi na ɗaga shi na sa hanci a kansa. Yana nan. Bai kai yadda na sani ba, rabi ne ko ƙasa da haka, amma shi ne, ƙamshin nono da sabuwar fata.

Har yau kofi bai daina yi mini warin taya ba, kuma Malam bai sauko da kasko ba. Amma ranar, ina cikin shaƙar kan yaron, 'yata ta taso daga kujera tana takawa a hankali, ta durƙusa a gabana ta zame ɗankwalinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Umma, ni fa?"

Falon cike yake da mutane, har da dangin mijinta. Na miƙa wa ƙawata yaron, na kama kan 'yata da hannu biyu na jawo shi, na sa hancina cikin gashinta. Dalbejiya na ji, da gumi, da kimbar da na daka da hannuna. Na daɗe ban sake ta ba, kuma ban juya fuska bango ba.