Jif Mai Ƙara ta Baba Maje

Na dawo Kano a watan Yunin 1999, bayan shekara bakwai ina karatun injiniya a Bulgeriya. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, gari ya cika da taro. Yau walimar kansila, gobe liyafar sabon ɗan majalisa, jibi matan jam'iyya. Gwaggona Hajiya Iyatu, mai bayar da hayar rumfuna da kujeru a Gyaɗi-Gyaɗi, ta ce tun da ta fara sana'ar ba ta taɓa ganin kasuwa irin ta bana ba. Har ta sayi ƙaton janareta mai taya biyu, wanda sai an maƙala shi a bayan mota an ja.

Mai jan sa shi ne Baba Maje. A lokacin ya haura shekara hamsin da biyar, gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da ɓarin goro a aljihun gaba. A nan unguwar aka haife shi. Ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Ikko, sannan marigayi mijin Gwaggo ya ɗauke shi, da Alhaji ya rasu kuma ya zauna tare da gidan. Ba shi da yawan magana, ba ya alfahari da komai sai abu ɗaya: shekara ashirin da shida yana kai kaya wurin taro, ba a taɓa zama ana jiran Maje ba. Agogonsa ma minti goma yake gaba, da gangan.

Wata Asabar tsohuwar a-kori-kurar gidan ta mutu masa a tsakiyar titi a Tarauni, da janareta a bayanta. Sai da masu shago suka fito suka tura. Ya isa saura minti uku, amma da ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Gwaggo ta dube shi ta ce za ta sayi jif, ta gaske, mai kujerun fata, don 'yan siyasar nan motar da ta tsaya a ƙofa suke fara kallo kafin su kalli rumfa.

Muka tafi mu uku wurin wani dillali mai suna Bello a titin Gidan Zoo. Jif biyu ya nuna mana, duka 'yan Kwatano. Ɗaya baƙa ce mai shan fetur, in an tayar da ita sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Ɗayar ruwan toka ce mai shan dizal. A ciki ba su da bambanci, sanyi da laushi iri ɗaya, amma da Bello ya murza makullin ta dizal sai da wata akuya ta tsallake kwata.

Gwaggo ta juyo gare ni. "To Shamsuddeen, ga ranar karatunka."

Na faɗi abin da na sani. Ta dizal ta fi ƙarfin ja daga tsaye, kuma ba ta shan mai sosai idan an ɗora mata nauyi. Ta fetur kuwa kowane bakanike a Kano ya san cikinta, kayan gyaranta ba sa wuya. Janaretan bai kai nauyin da zai gagare ta ba, garinmu kuma ba tudu. Na ce da ni ne, baƙar zan ɗauka. Gwaggo ta yi murmushi, don dama tun shigowarmu hannunta yana kan baƙar.

Baba Maje ya zagaya su duka. Ya durƙusa ya duba ƙugiyar ja ta kowacce, ya sa aka sake tayar da ta dizal, ya fita har bakin titi ya tsaya yana saurare. Da ya dawo ya ce, "Hajiya, wannan."

"Wannan injin niƙan?"

"Ita."

"Maje, Injiniya fa ya yi magana."

"Ya yi, Allah ya ƙara basira. Ni dai wannan."

Gwaggo ta ce, "Kai za ka tuƙa. Amma ranar da ta sa ka makara, kada ka dube ni."

Ni na bi shi a jif ɗin zuwa gida. Na ce masa na yarda dizal ta fi ja, amma ban ga abin da ya sa ya je bakin titi yana saurare ba. Ya gutsuri goro.

"Injiniya, a can inda ka yi karatu, in mutum ya sayi mota, ta waye?"

"Tasa ce mana."

"To a nan ta layi ce. Gidan Malam Gambo akwai 'yan mata uku. Gidan Haruna tela biyu. Gidan mai unguwa ban ma san iyakarsu ba. Duk ranar da za a kai ɗaya ɗakinta, uwarta za ta yafa mayafi ta shigo gaishe da Hajiya. Ka taɓa jin Hajiya ta ce a'a?"

Ban taɓa ji ba. Ba ma ita kaɗai ba, babu wanda zai iya a layinmu.

"Kuma yaushe ake kai amarya? Juma'a, Asabar, Lahadi. Yaushe ake taro? To baƙar nan, da mun kawo ta, ni da janareta sai mu riƙa ganin ta daga nesa da furanni a goshi. Wannan kuwa, wace amarya ce za ta yarda a kai ta gidan miji a cikin tarakta?"

Wata uku dabarar tana aiki. Maƙwabta suka zo ganin mota, suka shafa kujeru, Baba Maje ya tayar musu da ita har da ɗan taka totur. Kowa ya ce Allah ya sanya alheri, ya tafi, ba a dawo ba. Ita kuma jif ɗin tana jan janareta kamar ba komai a bayanta.

Sai ga bikin Safiyyah, babbar 'yar Malam Gambo, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa. Mahaifiyarta Mairo ta yafa mayafi ta shigo gaishe da Gwaggo. Kafin Baba Maje ya dawo daga sallar la'asar an gama magana. Amarya da kanta ta ce jif mai ƙara take so, ba wata ba. Da aka duba rana, Asabar ce, ranar da kansilan wata mazaɓa a Tarauni ya kama rumfa da janareta, taro ƙarfe biyar.

Baba Maje ya tare Safiyyah a ƙofar gida tana dawowa daga aiki.

"Ke 'yar nan, duk motocin Kano?"

"Baba, kullum da ƙararta nake sanin lokacin fita aiki ya yi. Kuma Hotoro za a kai ni. Ina so in na sauka, duk layin su san daga Gyaɗi-Gyaɗi na fito."

"Ina da janareta ranar."

"To a tafi da shi mana. Ai Tarauni a kan hanya take."

Ya dube ta, ya dubi agogonsa. "Huɗu da kwata nake tashi."

"Ni da nake karɓar aiki bakwai na safe? Ni ba matsala ba ce, Baba. Gwaggo Kulu ce."

Gaskiya ta faɗa. Ba a fitar da amarya sai iyaye mata sun zaunar da ita sun yi mata nasiha, kuma Kulu, yayar Malam Gambo, ta shahara. An ce a wani biki sai da direbobi suka yi magariba da isha a ƙofar gida tana kan batun haƙuri, ba ta ma zo kan girki ba.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu daidai Baba Maje ya kawo jif ƙofar gidan Malam Gambo, an wanke ta tas, janareta a baya har an ɗaura masa ƙyalle mai ruwan hoda. Ina zaune a gefensa. Huɗu da minti goma, ba motsi. Muna jin muryar Kulu ta tagar ɗakin da ke kusa da zaure, ta kama zancen dangin miji. Baba Maje ya share gumi. Ya tayar da motar, ya ja ta baya kaɗan har salansa ta daidaita da tagar, ya ɗora ƙafa a kan totur.

Ba a yi minti biyu ba Kulu ta leƙo.

"Maje! Kashe mana wannan abin, ba ma jin juna!"

"Yaya Kulu, in na kashe ta yanzu sai ta huce kafin ta tashi. Sai dai a kai amarya gobe."

Na dube shi, don na san ba haka ba ne. Bai dube ni ba.

"Allah ya shirye ka, tsohon banza!"

"Amin, Yaya."

Ta koma. Muka ji tana ɗaga murya, ta yi jimla uku ko huɗu, ta haƙura. Huɗu da minti ashirin aka fito da Safiyyah lulluɓe, kafaɗunta suna rawa. Mata suna cewa kuka take, Allah sarki. Ni da na buɗe mata ƙofar mota na ji abin da take yi, dariya ce.

Haka muka ratsa zuwa Tarauni, jif a gaba, janareta a bayanta, motocin 'yan kai amarya shida a bayan janareta, ana guɗa. Da muka shiga filin taro mutanen kansila suka ɗauka tawagar magoya baya ce, suka taso da tafi da kirari. Kansilan da kansa ya zo yana ɗaga hannu biyu, Kulu ta leƙo ta taga ta ce masa ya matsa, amarya ce. Baba Maje ya sauka, ya zare ƙugiya, ya tayar da janareta, lasifika ta yi ƙara. Ya nuna mini agogo: biyar saura minti biyu. Na tuna nasa yana gaba da minti goma.

Bayan wannan dabararsa ta rushe gaba ɗaya. Ƙannen Safiyyah biyu a jif ɗin aka kai su, da 'ya'yan Haruna tela, da na gidan mai unguwa. Sai dai ya kafa sharaɗi, kuma layi ya karɓa: amarya tana bin lokacin janareta. Har aka san amaren layinmu da isa ɗakinsu da sauran rana.

Wata safiya na same shi yana goge fitilun jif ɗin, ana shirin wani bikin. Na ce, "Baba, tunda dai ba ka tsira daga aro ba, da ka sani ai da baƙar ka ɗauka, ka huta da ƙara."

Ya matse tsumma, ya girgiza kai.

"Ta fetur? Injiniya, da har yanzu Kulu tana nasiha."